Ranar da Dutsen Alhaji Tanko Ya Tashi

Ranar Lahadin da ta wuce 'ya'yan ƙanena suka zo gidana a Stratford, nan London, cin tuwo, babbansu ya miƙo mini waya wai in kalli yadda ake yanka daimon. Na kalla. Wani jan haske ya bi ta kan dutse, kiɗa na tashi, kafin minti ɗaya ga abu yana walƙiya. Ya ce, "See, Uncle? Easy. Machine ne yake yin komai." Mutumin da ko albasa bai iya yankawa daidai ba. Na ce ya ajiye cokali ya saurara, domin shekara goma sha takwas na yi a kan wannan abin da ya raina, kuma ban taɓa jin kiɗa a wurin ba sai kukan ƙarfe.

Ni ta hanyar ɓarna na shiga sana'ar. A farkon shekarun tamanin na zo London daga Jos don karatu, ina haɗawa da aikin shara da safe a wani tsohon bene a Hatton Garden, layin masu gwal da duwatsu. Matakala da banɗaki ne aikina, shi ke nan. A hawa na uku akwai wani ɗaki da kullum yake kulle, na wani tsohon Bayahude mai suna Mendel. Wata safiya na tarar da ƙofar a buɗe. Ma'aikacinsa Terry ya sauka sayen shayi, hira ta riƙe shi, shi kuma tsohon bai iso ba. Na leƙa, na ga ƙazantar da ban taɓa gani ba a ƙasar Turawa. Ƙasa duk ƙura, ga benci huɗu, a kan kowanne an kwantar da wani faifan ƙarfe mai faɗin tire, baƙi ƙirin da maiƙo. Na ce a raina, bawan Allah ya tsufa, ba mai taimakonsa, bari in samu lada. Na share ɗakin tas na kai bola, na ɗauko soson ƙarfe da sabulu na dirje faifai ɗaya har sai da na ga fuskata a ciki.

Ina cikin duban na biyu Mendel ya shigo. Gajeren mutum ne mai farin gemu, da 'yar baƙar hula irin ta Yahudawa manne a ƙeya. Ya dubi faifan, ya dube ni, ya nemi kujera ya zauna a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, ina jiran godiya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wannan baƙin maiƙon da na wanke shi ne aikin gaba ɗaya. Garin daimon ne da aka kwaɓa da man zaitun, aka shafa, ya shiga ƙofofin ƙarfen a hankali tsawon watanni. Babu abin da yake cin daimon sai ɗan'uwansa daimon, faifan dai ɗaukar garin kawai yake yi. Ƙurar ƙasan ma ba a zubarwa, tarawa ake a kai wa masu tacewa. Ran nan ni da Terry da tsohon muka wuni a bayan bene muna tonon bola da hannu. Da muka gama ya ce ba zai kai ƙarata ba, amma wanda ya ɓata shi zai gyara. Sati uku ina zuwa bayan shara ina daka ɓarɓashin daimon a ɗan turmin ƙarfe, ina kwaɓawa, ina murzawa a faifai. A nan ya lura hannuna ba ya rawa. Ya tambaye ni sana'ar gidanmu, na ce mahaifina gyaran agogo yake yi a kasuwar Jos, tun ina ƙarami nake riƙe masa kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Ya ce in zo ranar Litinin, kada in zo da soso.

Shekara guda ban taɓa dutse mai daraja ba. Abin da ya fara koya mini shi ne kallo. Akwai ɗan madubin da ake karawa a ido, lup muke ce masa, yana girmama abu sau goma. Zai miƙo mini ɗanyen dutse ya ce in faɗi abin da ke ciki. Ɗanyen daimon ba shi da kyan gani ko kaɗan, in ka gan shi a ƙasa za ka ɗauka alawa ce da wani ya tsotsa ya tofar. Sai in juya in juya in ce ban ga komai ba. Sai ya ce, "To, ci gaba da rashin gani har ƙarfe biyar." A hankali ido ya buɗe, na fara ganin baƙin ɗigo, da tsaga siririya kamar gashi, da inda dutse biyu suka girma a jikin juna.

Sannan aka zo kan jijiya. Duk wanda ya taɓa faskare ya san itace yana da hanyar da yake bi ya tsage, in ka sare shi a karkace gatari ne zai sha wahala. Daimon ma haka yake, sai dai shi kowace fuska da tata hanyar. Ka ɗora shi a faifai ta inda ba ya so, sai ka yi awa guda yana ihu yana tona maka rami a ƙarfe, shi ko gezau. Ka ɗan karkata shi kaɗan, sai ka ji sautin ya kwanta, ya fara ci. Da kunne ake ganewa. Mendel yana iya juya baya yana shan shayi ya ce, "Habibu, kana yi wa dutsen nan rashin kunya." Kuma in na duba, gaskiyarsa.

Yakan ba mu tarihi ko ba mu tambaya ba. Ya ce daga Indiya dutsen ya fara fitowa, can kuwa da farko ba sa son a rage shi, gogewa kawai suke yi. Daga baya sana'ar ta bi fatake ta shiga Turai, ta yi gida a Antwerp da Amsterdam. Shi ma a Antwerp ya koya wurin kawunsa, yaƙin duniya na biyu ya koro shi London yana saurayi, da lup ɗaya a aljihu. Kawun nan mai tsaga dutse ne, aikin da ya fi kowanne ban tsoro. Zai yi sati yana kallon dutse, ya ja masa layi da tawada, ya kankare 'yar hanya da wani daimon, ya kafa wuƙa marar kaifi, ya buga sau ɗaya. Ko ya rabu biyu yadda ake so, ko ya zama tsakuwa. Mendel ya ce kawun ba ya cin abinci ranar bugu, matarsa ma ba ta yi masa magana.

Mu a ɗakinmu da zarto muke rabawa, wani siririn faifai kamar takarda wanda yake wuni yana ratsa dutse ɗaya. Daga nan sai Terry. Shi ɗan gabashin London ne, ƙato mai jan wuya, aikinsa ya goga dutse da dutse har ya fitar masa da ƙugu zagaye. Ƙarar aikinsa kamar ana cizon alli, shi ya sa yake rera waƙar ƙwallo don kada ya ji kansa. Bayan shi sai benci. Akwai ɗan kofin da yake riƙe dutse, ana ce masa dop, a bakin wani mariƙi mai ƙafa biyu. Ka kifa dutsen a faifai yana gudu, ka ɗaga, ka goge a hannun riga, ka kai ido, ka mayar. Sau ɗari, sau dubu. Fuska hamsin da bakwai ake yi wa dutse mai zagaye, kowace da kusurwarta. In ka zurfafa gindin, haske ya shiga ya ɓace, dutse ya yi duhu. In ka taƙaita, ya zama kamar idon kifin da ya kwana a kasuwa. Kuma abin da ka cire ya tafi ke nan, ba a liƙa shi da gam.

Shekarata ta biyu kasuwa ta faɗi warwas. Mutanen da suka sayi daimon suka ɓoye a banki suna jiran riba suka wayi gari ba mai tayawa. Layin ya yi tsit, masu shago suna tsaye a ƙofa suna kallon ruwan sama. Mendel ya sallami mutum biyu, ya bar ni da Terry. Na daɗe ina ɗauka ƙwarewata ce ta sa, sai daga baya Terry ya gaya mini don ni na fi araha ne. A shekarar nan da gyaran tsofaffin zobba muka ci abinci, na tsofaffin matan da suka buga dutse a bakin tukunya ya ɓalle. Kowace za ta zo tana cewa ai an ce daimon ba ya fashewa. Ba ya karcewa dai, amma ki same shi ta jijiya ko murfin tukunya ya ishe shi. A kan waɗannan zobban na koyi yawancin abin da na sani.

Yanzu ga abin da wayarku ba ta nuna muku ba. A wannan sana'ar ba a cika rubuta takarda ba. Mutum zai zaro 'yar takarda naɗaɗɗiya daga aljihu, a ciki akwai abin da zai sayi gida, ya miƙa maka, ku yi musabaha, ya tafi. Sunanka shi ne jarinka. Ba sai an kama ka da sata ba, a ce kawai "an taɓa neman dutse a wurinsa ba a gani ba," to ka nemi aikin tuƙin bas, domin daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan ba mai sake miƙa maka ko tsakuwa. Shi ya sa akwai doka a kowane ɗakin aiki. Wani lokaci dutse yakan suɓuce daga dop, faifai ya cilla shi kamar harsashi. In haka ta faru, a kashe injuna, a kulle ƙofa, ba mai fita sai an gan shi. A bincike kowa, har mai gida. Ba don ana zargin wani ba, don kowa ya fita da sunansa.

Ni ne baƙar fata ɗaya tilo da na sani yana zaune a benci a wannan layin a lokacin. Ba wanda ya taɓa ce mini komai, amma na san in abu ya ɓace, ba sunan Terry za a fara kawowa a gidan shayi ba.

Dutsen da ba na mantawa na Alhaji Tanko ne. Mutumin Gana ne daga zangon Akwatiya, garin da ake haƙar daimon, a nan kuwa direban minicab ne, wato ƙaramar taksi, muna haɗuwa a masallacin Whitechapel duk Juma'a. Da ya ji sana'ata sai ya ja ni gefe, ya zaro wata 'yar jakar fata daga wuya, ya warware. Ɗanyen dutse ne kamar ƙwayar wake. Mahaifinsa ya bar masa, shekara ashirin yana yawo da shi.

Ya ce, "Malam Habibu, matana ya ce kwalba ne. Kullum in mun yi faɗa sai ya ce, je ka sayar da kwalban ubanka. Ina so ka gyara shi, in sa a zobe, in sa ma Hajiya a hannu, in ga bakin da zai sake magana."

Na kai wa Mendel. Ya kara a ido, ya daɗe, ya ce dutse ne na gaske, mai kyau kuma, sai ɗan ɗigo a gefe da za a iya gudu. Sai ya turo mini shi ya ce, "Na mutumenka ne. Kai za ka ja layi, kai za ka gama." Shekarata bakwai a wurin, wannan ne karo na farko da aka bar mini dutse daga fari har ƙarshe. Alhaji Tanko kuwa bai bar kowa bai gaya wa ba. Kafin sati biyu duk wanda na gaisa da shi a masallaci sai ya ce, yaya dutsen Alhaji?

Ranar wata Juma'a ce a watan Disamba, saura fuska shida in gama. Duk Juma'a da kaftani nake zuwa aiki a ƙarƙashin rigar aiki, da hulata kube mai kari, Mendel yana ba ni awa biyu in hau tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, in je masallaci. Shi ma Juma'a ranar sauri ce a wurinsa, domin dole ya rufe ya isa gida kafin faɗuwar rana saboda Asabar ɗinsu ta ibada da ke shiga da faɗuwar ranar Juma'a, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Sha biyu ta wuce na yi alwala, na sa hula, har na kama ƙofa. Sai zuciya ta ce, ka ƙara fuska ɗaya mana, ka samu abin gaya wa Alhaji. Na koma na zauna, na juya dutsen a dop, ban tsaya na ɗaure shi da kyau ba. Sauri ya haifi nawa. Ina kifa shi na ji "tas", sannan wani "ƙil" a jikin murfin fitila. Na ɗago mariƙi, dop ba kowa.

Mendel ya ce, "Kowa ya tsaya inda yake." Ya kashe injuna, ya murza makulli ya sa a aljihu.

Muka fara da ƙasa, a durƙushe, da tocila a kwance don dutse ya yi inuwa. Muka share da buroshi mai laushi muka tankaɗe ƙurar a rariya. Muka kwance murfin fitilu. Muka juye kofunan shayi a kan gyale. Terry ya buɗe burodinsa ya bincike cuku da lup, sannan ya ce tunda an wanke shi daga zargi bari ya cinye. Aka zo kan jiki. Mendel ya fara, ya cire kwat da takalmi, ya zazzage naɗin ƙafar wando, ya taje gemunsa a kan farar takarda. Terry ya tuɓe daga shi sai singileti, yana rawar sanyi yana zagin wanda ya ƙirƙiro daimon. Na cire rigar aiki da kaftani, aka bi kowane ɗinki da yatsa, aka juye aljihu, har safa. Babu.

Wajen ƙarfe biyu aka buga ƙofa. Alhaji Tanko ne, bai gan ni a masallaci ba ya biyo sawu, ya ajiye mota inda ba a ajiyewa. Mendel ya gaya masa ta bayan ƙofa cewa in ya shigo ba zai fita ba. Alhaji ya ce ai ko kabari ne zai shigo. Ya tarar da ƙato a singileti, tsoho ba takalmi, ni kuma a rarrafe a ƙarƙashin benci.

Ya ce, "Malam Habibu, lafiya? Ina dutse?"

Na ce, "Alhaji, ya tashi."

"Ya tashi? Yana da fiffike ne?"

Na yi masa bayani. Ya zauna a kan kujera ya ciro carbi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ce kawai, "Me zan gaya ma Hajiya? Zai ce kwalba ma ban iya riƙewa ba." Can kuma ya ɗan dube ni ta wutsiyar ido, kallon da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ya mayar da kai kan carbi. Na ga kallon, kuma ban ga laifinsa ba. Tsoro ya kama ni sosai a lokacin, irin wanda ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar. In Mendel ya buɗe ƙofar nan ba a ga dutse ba, na rasa layin, na rasa masallaci, kuma kafin wata ya ƙare labarin ya isa Jos.

Mendel yana ta duban agogo yana duban taga, haske yana raguwa. Na san shekara arba'in bai taɓa bari rana ta faɗi masa a hanya ranar Juma'a ba. Terry ya ce, "Guv, mai gida, ka tafi mana, mu ci gaba ranar Litinin." Tsohon ya ce a'a, ba mai fita, shi ma ba zai fita ba.

Biyu da rabi Alhaji ya ce, "Ka rasa Juma'a, kar ka rasa Azahar. Tashi ka yi salla, Allah ya san inda ya ke." Alwalata tana nan. Na mayar da kaftani, na shimfiɗa sallaya a lungun da aka riga aka tankaɗe sau uku, na tayar. Ɗakin ya yi tsit, sun daina motsi don girmamawa. Na yi ruku'u, na ɗago, na tafi sujada. Goshina yana taɓa ƙasa na ji wani abu ya gangaro daga saman kaina, ya faɗi a katako, "ƙis", ya yi ta mirginawa, kuma a wannan shirun kowa ya ji shi har inda ya tsaya.

Alhaji Tanko ya ce, "La'ilaha illallahu!"

Terry ya ce, "Well, well."

Ku da kuke cewa abu mai sauƙi, ku gwada wannan. Saura raka'a uku da rabi, ba halin in juya, ba halin in ce komai, dutsen da aka wuni ana nema ya fito daga jikina a gaban mai shi da mai gidana. Duk abin da aka bincika a ɗakin nan, ba wanda ya taɓa hulata. Ni kaina na manta tana kaina. Ban san me na karanta a sauran sallar ba, Allah dai ya karɓa. Gumi yana bin bayana a cikin sanyin Disamba. Na yi ta jan tahiya kamar kada ta ƙare.

Da na sallame na juyo, dutsen yana kan farar takarda a benci, ba wanda yake kallonsa. Ni suke kallo. Na buɗe baki zan rantse, Mendel ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Habibu, ka yi haƙuri. Ba ni hularka."

Na cire na miƙa. Ya kunna fitilar benci, ya kara lup a ido, ya fara bin karin hular a hankali kamar yadda yake bin dutse. Ya zagaya rabi, ya tsaya. Ya kira Terry ya ba shi lup ya ce ya faɗi abin da ya gani. Terry ya duba ya ce zare ya ƙone, guri kaɗan, ga kuma baƙin mai. Ya kira Alhaji. Alhaji ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, aka gyara masa, ya duba ya ce, "Wallahi ya ƙone."

Mendel ya ce masa, "Dutsen da ke kan faifai zafi yake yi kamar garwashi. Ya bugi fitila ya faɗo cikin karin nan da zafinsa, ya ƙona zare ya maƙale. Wanda hannu ya ɗauka ya ɓoye ba ya ƙona komai, domin sai ya huce ake iya taɓa shi."

Terry ya ce, "Sorry, mate," ya nemi rigarsa. Alhaji ya kama hannuna biyu ya ƙi saki, yana cewa in yafe masa. Na ce ai bai ce komai ba. Ya ce, "Ban ce ba, amma na yi tunani."

Sai Mendel ya yi abin da ban taɓa gani ba a shekara bakwai. Ya kai hannu ƙeya ya cire tasa hular, ya kife ta a kan takarda, ya kaɗa, ya nuna mana cikinta ɗaya bayan ɗaya. Ya ce laifinsa ne, hula biyu ce a ɗakin kuma duk ya tsallake su. Terry ya ce shi tun ƙarfe ɗaya ya so ya yi magana, ya ga kamar ba huruminsa ba ne. Na tambayi tsohon me ya hana shi ce mini in cire tun farko, da an huta. Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya ce, "Ina saurayi an taɓa tsayar da ni a titi don ni Bayahude ne, aka ce in cire tawa. Tun ranar na ce bakina ba zai faɗa wa wani haka ba." Ya dubi agogo, ya ɗauki kwat, ya sauka matakala da gudu ba tare da ya ɗaure igiyar takalmi ba. Ya isa gida kafin rana ta faɗi, ya gaya mini ranar Litinin. Alhaji kuwa ya tarar da tikiti manne a gilashin mota.

Dutsen ya ɗan ɓalle a ƙugu inda ya bugi fitila, na cinye wurin da fuska ɗaya, na gama shi ranar Laraba. Da na buɗe wa Alhaji takarda ya ga wuta tana tashi a ciki, ya yi kabbara, sannan ya matso ya ce, "To ina sauran?" Na ce wane saura? Ya ce shi wake ya kawo, ga shi ana ba shi abin da bai kai masara ba. Sai da na zaunar da shi na yi masa bayanin cewa fiye da rabin ɗanyen dutse a faifai yake ƙarewa, na nuna masa baƙin maiƙon na ce ga sauran nan. Ya daɗe yana kallon faifan, ya ce ko za a kankaro masa nasa. Hajiya ta sa zoben, ta ɗaga hannu a taga, ta ce ba laifi, amma da ta san na gaske ne da ba ta bari an rage shi ba.

Daga ranar dokar ɗakinmu ta canja. In dutse ya tashi, hula ake fara dubawa, kuma ba mai cewa wani ya cire. Mendel zai cire tasa ya ajiye a benci, ni ma in cire tawa in ajiye kusa da ita. Haka muka yi har ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da aiki ya koma Indiya, injin haske ya karɓe zarto, tsohon ya rufe ɗakin ya ba ni lup ɗinsa.

Da na kawo nan ranar Lahadin, na shiga ɗaki na ɗauko hular da lup ɗin na ajiye wa mai waya a gabansa. Na ce ga aikin ranar farko, ya nemo mini inda ta ƙone. Ya kara a ido, ya juya, ya juya, tuwonsa ya huce. Can ya ɗago ya ce, "Uncle, ban ga komai ba."

Na ce, "To, ci gaba da rashin gani har ƙarfe biyar."